Neman shawara: masu kallon shirina na labaran kimiyya sun rabu gida uku

Mai Shirin Asabar

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata matsala ce take ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in kawo ta nan tunda akwai manya da waɗanda suka san harkar.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare. Tun farkon 2023 nake sakin bidiyo duk Asabar a YouTube da Facebook, ina tattaro labaran kimiyya na mako in faɗe su da Hausa. Tsarin bai taɓa sauyawa ba: labari 7, kowanne kamar minti 2, duka minti 15 har da gaisuwa. Ni ke karatu, ni ke rubutu, ni ke ɗauka da waya, ƙanina ya yanka ya haɗa. Ba wani abin kirki nake samu ba, sha'awa ce kawai.

To masu kallo sun rabu gida uku, kowane gida yana ja na gefensa.

Na farko suna cewa ina ɗanɗana musu zuma a baki in janye. Lokacin da Ingila ta amince da Casgevy a Nuwamban 2023, wato maganin sikila da ake yi ta hanyar gyara ƙwayar halitta, a minti biyu na faɗa na wuce zuwa wani labari. Wata baiwar Allah mai yara biyu masu ciwon ta yi ta tambayata a ƙasan bidiyon wane asibiti za ta je. Har yau abin yana damuna.

Na biyu suna cewa shirin ya yi tsawo, ba su da data, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Na uku su ne masu zafi. Da na ambaci wata ko duniyar Mars sai a ce, "Malam, yunwa muke ji, ina ruwanmu da sama?" Wasu kuma su ce ƙaryar Turawa nake tallatawa, har da mai cewa in tuba. Daga nan a shiga zage-zage, a manta da labarin gaba ɗaya.

Abin da ya ƙure ni shi ne na Fabrairun 2025. Na kawo labarin dutsen nan na sararin samaniya, 2024 YR4, da aka ƙiyasta yiwuwar ya faɗo duniya ranar 22 ga Disamban 2032. Ban taɓa samun masu kallo kamar na wannan mako ba. Ashe wani ya yanki sakan 30 daga ciki ya watsa a WhatsApp, ya rubuta wai malamin kimiyya ya faɗi ranar tashin duniya. Gwaggona da kanta ta kira ni daga ƙauye tana salati.

Shin in rushe tsarin in koma maudu'i ɗaya a mako? In daina labarin sama? Ko in rufe wurin sharhi in huta? Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo

Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka, wannan kukan tun zamanin wasiƙa muke jin sa. Mun yi shiri mai irin tsarin naka, wasiƙun da ke zuwa kusan hannu ɗaya ne ke rubuta su kowane mako, har mun haddace rubutunsu. Mai noma, mai ɗinki, matar da ke daka tana saurare, ba sa rubuto komai, kuma su ne suka fi yawa. In ka gyara shirinka don mutum ashirin masu surutu, sai ka kori dubun da suka yi shiru. Ku yanzu kun ma fi mu gata. YouTube yana nuna maka zanen inda mutane ke sauka daga bidiyo, minti da minti. Je ka duba na mako goma a jere kafin ka taɓa komai. Ƙafar mutum ta fi bakinsa faɗin gaskiya.

Kada ka rushe tsarin. Mai zuwa duk Asabar ya saba ne da ya ji abin da ya faru a mako, kamar mai zuwa kasuwar ƙauye ranar cinta. Kuskurenka ɗaya, ka ba labari bakwai mudu ɗaya. Ai ba su kai nauyin juna ba. Maganin sikila da hoton wani tauraro ba za su ci minti biyu-biyu ba. Ɗauki ɗaya ka mai da shi babban labari, ka ba shi rabin lokacin, ka zauna a kansa har ya dahu. Sauran uku ko huɗu ka bi ta kansu da sauri. Wanda bai samu shiga ba ya jira, ba ɗaurin aure ba ne.

Game da wanda ya yanke maka magana kuwa, laifinsa ne, amma ina da tabbacin kai ka ba shi wuƙar. Nakan gaya wa yaran da na koyar cewa su rubuta jimlar farko kamar ita kaɗai za a ji, don wani a nan batirinsa zai mutu. In ka fara da "wani dutse na iya faɗo wa duniya a 2032," ka gama yi wa mai yanka aiki. In ka fara da "akwai dutsen da kusan tabbas zai wuce mu, amma masana na sa masa ido," ko ya yanka bai samu nama ba.

Sannan ka riƙa ba mutane abin da za su gwada ka da shi. Kafin kusufin rana na Laraba 29 ga Maris 2006, mun yi kwanaki muna sanarwa, ana yi mana dariya. Da hantsi ya yi duhu ya rufe Gusau da Katsina, kaji suka nufi akurki, babu wanda ya ƙara musu. Gani ya kori ji. Duk lokacin da za a yi kusufi ko wani abu da ido zai gani a garuruwanmu, faɗi rana da lokaci tun kafin ya zo.

Mai Shirin Asabar

Na gode, Baba. Wallahi kamar kun ga bidiyon, da waccan jimlar ta farko na buɗe shi. Zanen kuma ina ganin sa, ban taɓa zama na karanta shi ba.

Malamar Jinya

Malam, ni a kan matar nan mai yara biyu zan tsaya, don irinta nake gani kullum a wurin aiki.

Labarin lafiya ba kamar sauran labarai ba ne. Na tauraro in ka taƙaita, mutum ya rasa ilimi ne kawai. Na magani in ka taƙaita, wani zai sayar da akuyarsa ya kama hanya. Abin da ya kamata matar nan ta ji shi ne: a Amurka kuɗin Casgevy dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Ba allura ba ce da za a yi a tafi gida. Sai an ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a gyara su a ɗakin bincike, a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji don a share ɓargonsa, sannan a mayar masa, ya yi makonni a kwance. Lokacin da aka amince da shi ma, daga ɗan shekara 12 zuwa sama ne. Bayan ka faɗi wannan, sai ka ƙara da abin da ke hannunmu: maganin hydroxyurea da likita ke rubutawa yana rage yawan tashin ciwon, a sha ruwa sosai, a kwana cikin gidan sauro, kuma a yi gwajin jini kafin aure, domin AS da AS kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ka ga da ta tashi da abin yi, ba da buri kawai ba.

Haka muka sha da rigakafin zazzaɓin cizon sauro. NAFDAC ta amince da R21 a Afrilun 2023, labari ya cika gari, mata suka yi ta zuwa da goyo suna tambaya. Ba a fara yi wa yara ba sai Disamban 2024, shi ma a Kebbi da Bayelsa aka fara. Tsakanin nan mu muka sha tuhuma, har da masu cewa mun ɓoye ne muna sayarwa.

Shawarata, kowane labarin magani ka faɗi matsayinsa kamar yadda mai mangwaro zai gaya maka. Ɗanye ne, wato a ɓeraye aka gwada ko a kwalba. Ya ƙosa, wato ana gwaji a jikin mutane. Ya nuna, hukuma ta amince. Ko kuma ya iso kasuwarmu, ga inda ake samu. Yawancin abin da jaridu ke yi wa take da "an gano magani" ɗanye ne shar, kuma mafi yawan magungunan da ke shiga gwajin mutane ba sa kaiwa ƙarshe. Rubuta kalmar a jikin allo da manyan baƙaƙe, ko an yanki bidiyon ta tafi da shi.

Kuma don Allah ka koma ka nemo sharhin matar ka ba ta amsa. Bai ɓaci ba.

Ɗan Kasuwar Waya

Malam, ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma waya nake sayarwa a Farm Centre, na san yadda bidiyo ke yawo a garin nan. Mutanen da kake ƙirgawa a YouTube ba su ne masu kallonka ba. Mutum ɗaya ne zai sauke, ya tura wa goma ta Xender, wani ya kai wa masu tura fina-finai su zuba wa mutane a memori. Wanda ya ce maka shirin ya yi tsawo, ba lokacinsa yake ji ba, nauyin fayil ɗin yake ji.

Tunda dole sai an yanka, riga su yankawa. Kowane labari ka fitar da shi daban, minti ɗaya zuwa biyu, mara nauyi, da sunan shirinka da kwanan wata manne a kusurwa tun daga farko har ƙarshe. Kwanan watan nan kada ka raina shi, don bidiyon bara yakan dawo bana a ce yau abin ya faru. Ka kuma fitar da murya zalla. Direban Adaidaita da tela ba sa kallon fuskarka, kunne suke ba ka. Cikakken kuma ka bar shi a YouTube, ka jera lokutan labaran a ƙasa, ka fara da 0:00, kowa ya tsallaka inda yake so. Ƙanin naka zai iya, aikin awa ɗaya ne.

Manomin Wake

Ni dai ina cikin 'yan gida na uku, kuma ba na jin kunya. Ba na zagi, amma Malam, gaskiya sama ta yi yawa a shirinku. A nan Samaru, cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da irin wake SAMPEA 20-T tun ƙarshen 2019, wanda tsutsar da ke huda kwanso ba ta cin sa. Wanda ke feshi shida zuwa takwas a damina sai ya koma biyu. Wannan ba kimiyya ba ce? Amma a ƙauyenmu rabin mutane tsoron sa suke, saboda saƙon murya ya zagaya cewa irin da aka taɓa ƙwayar halittarsa yana hana haihuwa. Babu wanda ya zauna ya yi mana bayani da Hausa, me aka sa a ciki, wa ya gwada, me masu adawa ke cewa, wanne ne gaskiya wanne ne ƙari. Ga gubar da ke kama gyaɗa da masara in ba su bushe da kyau ba. Ga hasashen damina da NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara, da Turanci mai kauri. Ku bar Bature da watansa, ku sauko ƙasa.

Ɗalibar Jami'a

Baba Manomi, a yi mini afuwa, zan ɗan saɓa muku. Hasashen daminar da kuke nema, daga sama ake leƙo shi. Akwai tauraron ɗan'adam na Meteosat da ke tsaye saitin tekun Gini, nisan kusan kilomita 36,000, yana ɗaukar hoton gajimaren Afirka dare da rana. In babu irinsa, masu hasashe lalube za su yi. Najeriya ma tun 2003 ta harba nata na farko, NigeriaSat-1.

Ni kuma hotunan na'urar hangen nesa ta James Webb da aka fitar a Yulin 2022 su suka sa na zaɓi karatun da nake yi yanzu. Ina aji biyar lokacin, a wayar yayana na gani. Yarinyar da ke kallon shirin Malam tana mamaki ba za ta yi sharhi ba, wataƙila ma ba wayarta ba ce. In aka cire sama saboda masu ƙorafi, ita aka cire.

Malam, batun dutsen nan kuwa, ina ganin abin da ya tsorata mutane shi ne lambar da ta yi ta hawa, daga kashi 1 har ta kai 3.1 cikin 100 ranar 18 ga Fabrairu. Kowa ya ɗauka dutsen ne ke matsowa. Ga yadda na yi wa mahaifiyata bayani ta gane. A ce akuya ta ɓata, an tabbatar tana ɗaya daga gidaje 100 na unguwa. Yiwuwar tana gidanku ɗaya cikin 100 ne. Aka bincika gida 70 babu ita, saura 30, naku na ciki. Yanzu ya zama ɗaya cikin 30, ya hau, alhali akuyar ba ta motsa ba. Da aka zo layinku aka ga babu ita, sai ya faɗi ƙasa warwas. Haka aka yi da dutsen, ana ƙara auna hanyarsa, wurin da ake zaton zai bi yana tsukewa, kafin ƙarshen Fabrairu sai duniya ta fita daga ciki, lambar ta koma kusan sifili. Girmansa ma kamar mita 60 ne. Ko da ya faɗo, gari zai yi wa ɓarna, ba duniya ba.

Manomin Wake

'Yata, kin yi magana, Allah Ya yi albarka. To a bar mai leƙen gajimaren, shi ɗan gida ne. Amma na Mars ɗin nan har yanzu ban ga buhu nawa ya ƙara mini ba.

Malamin Islamiyya

Malam, zan yi magana a kan masu cewa ƙarya ce da masu cewa ka tuba, don na ga kowa ya kauce musu.

Kada ka zuba su a kwando ɗaya. Akwai mai neman fitina kawai, wannan goge sharhinsa, in ya dawo ka toshe shi, babu zunubi. Amma akwai wanda shakkarsa tana da asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin gwajin da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wannan yana cikin abin da ya ƙara wa ƙin rigakafin shan inna na 2003 ƙarfi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Irin wannan mutum in ka ce masa jahili ka rasa shi har abada. In ka ce masa tambayarka tana kan hanya, ga wanda ya yi binciken, ga wanda ya biya kuɗinsa, ga waɗanda suka sake gwadawa a wata ƙasa, ko bai yarda yau ba zai dawo Asabar mai zuwa.

Na biyu, rarrabe wa mutane lissafi da duba. Da yawa in sun ji an ce abu zai faru a sama ranar kaza, boka suke tunawa. Alhali da lissafin tafiyar rana ake buga jadawalin lokutan salla da ke rataye a masallatanmu. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi kusufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, Annabi ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ƙiyasin hanyar dutse ba da'awar sanin gaibu ba ce, kuma ba shi da haɗi da tashin alƙiyama. Faɗi haka sau ɗaya a fili, cikin ladabi.

Na uku kuma gargaɗi ne. Za a ba ka shawara ka riƙa liƙa aya a kan kowane sabon bincike don a daina zaginka. Kada ka yi. Binciken mako-mako yau a faɗa gobe a warware. In ka ɗaura aya a jikinsa, ranar da ya rushe me za ka ce wa yaron da ya ji ka? Tsaya a fagenka, tafsiri a bar wa masu shi.

Wurin sharhi kada ka rufe. A can matar nan mai yara biyu ta same ka.

Ɗan Maraɗi

Gaisuwa daga Nijar, Malam. Muna kallo a nan, amma wani lokaci sai mun yi kamar masu cin kifi, muna tsince ƙaya. Kalmomin Ingilishi da kuke sakawa tsakiyar magana, mu da muka yi lakwal da Faransanci ba ma gane su, balle wanda bai yi ba. Inda Hausa ke da kalma a yi amfani da ita: rigakafi, bincike, gwaji, kashi kaza cikin ɗari. In kun juya dala zuwa naira ku ƙara da sefa. Abin da kuke kira biliyan mu miliyar muke cewa. Kuma labarin rigakafin sauro da Hajiya ta ambata, a Gaya ta jihar Dosso aka ƙaddamar da namu a 2024, ban ji shi a shirinku ba. Hausa ba ta tsaya a Jibiya ba.

Mai Kallo Tun Farko

Malam, kowa ya lallashe ka, ni zan faɗa maka mai ɗaci, don tun bidiyonka na uku nake tare da kai kuma ban taɓa yin sharhi ba sai yau.

Ba tsawo ne matsalarka ba, ba sama ba ce. Ba ka dawowa kan maganarka. Ka tuna LK-99? Ƙarshen Yulin 2023 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka ce sun haɗa sinadarin da lantarki ke bi ta cikinsa ba tare da asara ba, a yanayin zafin ɗaki. Ka zo kana murna, ka ce in ya tabbata matsalar wuta ta kusa zama tarihi. Takardun nasu ko tantancewar sauran masana ba su samu ba lokacin. Kafin Agusta ya ƙare, ɗakunan bincike a ƙasashe da dama sun gwada, a Jamus aka haɗa tsantsarsa aka ga ko lantarkin kirki ba ya wucewa, aka gano gurɓacen da ke cikin samfurin ne ya ruɗe su. Na jira Asabar huɗu ka ce wani abu. Shiru. Na dutsen ma, da lambar ta faɗi, a jimla ɗaya ka ambata can wajen labari na shida.

To wanda ke cewa ƙarya kuke yi, ka ga ka ba shi hujja. Ya ji an ce an gano, shekara ta zagayo bai ga komai ba, kuma babu wanda ya dawo ya ce masa an yi kuskure. Ware minti biyu a kowane shiri don tsofaffin labarai: wancan da na gaya muku, ga inda ya kwana. Ni wannan zan fi jira a kan sababbin.

Sannan gaisuwarka ta yi yawa. Minti biyu kana gaida mutanen Funtuwa da na Azare ɗaya bayan ɗaya. Mayar da ita ƙarshe.

Mai Shirin Asabar

Ɗan'uwa, ta yi ɗaci amma na haɗiye. Gaskiya na ga labarin rushewar LK-99 a lokacin, kunya ce ta hana ni, na ce ai mutane sun manta. Ashe ana ƙirga mini Asabar. Na gode wa kowa, Baba, Hajiya, Malam, duk na rubuta. Ku ba ni wata guda.

Mai Shirin Asabar

Jama'a, na dawo da bayani kamar yadda na yi alkawari. Na duba zanen da Baba ya ce. A gaisuwa ake fara zubewa, mutanen Funtuwa su yi haƙuri. Abin mamaki kuma, labaran sama da ake zagina a kansu ba a sauka a wurinsu, wasu ma komawa baya suke su sake kallo.

Yanzu labari 4 nake yi, babba ɗaya da ƙanana uku, sai "Ina aka kwana?" a ƙarshe. Da LK-99 na buɗe shi, na ce na yi gaggawa kuma na yi shiru inda bai kamata ba. Na zaci za a yi mini ca, sai ga shi sharhin ranar ya fi na kullum sanyi, ko da yake wani ya rubuta "mun faɗa muku ai." Ɗanye da ƙosasshe da nunanne na Hajiya sun shiga, har ɗalibaina sun fara tambayata a aji ko abin da ke littafinsu nunanne ne. Matar nan na samo sharhinta na ba ta amsa, ba ta ce komai ba tukuna. Masu cewa ya yi tsawo sun ragu tun da aka fara gajerun, sai dai masu kallon cikakken ma sun ɗan ragu, kuma ƙanina ya ce aikin ba na awa ɗaya ba ne, yana neman a riƙa sa masa data.

Waken Baba Manomi shi ne babban labarin Asabar ta sama, in Allah Ya yarda. Ina neman wanda ya shuka shi damina biyu ko uku, da wanda ya ƙi shukawa, in ji ta bakin kowanne. Mai irin waɗannan mutane ya yi mini magana ta gefe.

Manomin Wake

Na farkon ga ni. Na biyun maƙwabcina ne, gonarmu iyaka ɗaya, shekara uku muna musu. Sai dai ba ya yarda a ɗauke shi hoto, murya kawai. Ku zo ranar da ba kasuwa ba.